Wata biyar ɗiyata na jardan, ba kaye ba aikin gida: in bar ta ko in cire ta?

Mai Ɗinki, unguwar Zariya

Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema, kuma don Allah wanda ya san abin ya gaya mini gaskiya ko da ba za ta yi mini daɗi ba.

Ni tela ce, a gida nake ɗinki. Yarana uku, maza biyu suna lakwal, sai Auta, mace, shekararta 4 da wata 7. Bara muka sa ta wani jardan, wato makarantar ƙananan yara kafin lakwal, na kuɗi kusa da mu, ba zan kama suna ba. Yara sun haura 50 a aji guda, an jera su kan benci, ƙafafunsu ko ƙasa ba su taɓawa, madam na gaba da guntun tiyo tana buga tebur, su kuma suna amsawa: an, de, tarwa. Kafin wata uku Auta na ƙirga har 20 da Faransanci kamar waƙa, duk baƙon da ya shigo gidan sai an kira ta ta yi masa. Amma ran da na zube dabino huɗu a tafin hannuna na ce nawa ne, sai ta kalli fuskata ta ce bakwai. Kullum safiya kuma, "Mama cikina." Sau biyu muna zuwa likita, ba a ga komai ba. Fitsarin kwance da ta daina tun da daɗewa ya dawo. Asabar da Lahadi kuwa cikin lafiya lau yake.

Bana da aka koma lakwal cikin Oktoba, wata da nake yi wa ɗinki ta ba ni labarin wata madam da ta buɗe aji a gidanta, ɗaki biyu na siminti da 'yar farfajiya mai bishiyar bedi. Yara 22 ne, daga 'yan shekara 3 har 'yan 6, duk a haɗe. Babu benci. Ƙananan tabarmi ne a naɗe a kusurwa, da kantoci gajeru daidai ƙirjin yaro, an jera farantai a kai. Yaro ya shigo, ya gaida madam, ya cire takalmi, ya je ya ɗauki abin da ransa ke so ya zauna da shi. Madam ɗin ta ce mini hanyar Montessori take bi gwargwadon abin da ta samu. Sai na mayar da Auta can.

Cikin Disamba na je biyan kuɗin wata, ana buji sosai, sai na tsaya bakin taga ban yi sallama ba. Auta ta shimfiɗa tabarmarta, ta ɗauko faranti mai ƙananan ƙore biyu da ɗan ludayi. Gero ne a ɗaya. Ta dinga ɗiba tana zubawa a ɗayar, harshe a waje, ba ta ko ɗaga kai. Da ya ƙare sai ta juya farantin ta sake. Gero ya zube mata a tabarma, na ce yau za a yi mata tsawa. Ba wanda ya ce uffan. Ita da kanta ta tashi ta ɗauko 'yar tsintsiya daidai hannunta ta share, ta kwashe, ta ci gaba. Na duba waya, ta kusa minti 25 a kan gero. Yarinyar da a gida ba ta iya zaman minti biyu! Kusa da ita wani yaro yana bin harafi da yatsu biyu, an yanke harafin daga takarda mai kaushi irin wadda kafinta ke goge katako da ita, yana bi yana cewa mmm. Madam na zaune a ƙasa da yaro guda, murya ƙasa-ƙasa. Wallahi shirun nan tsoro ya ba ni da farko, na ɗauka duka ne ya sa su haka.

A gida na ga canji. Ciwon ciki ya tafi, fitsarin ma haka. Gwangwanin da nake tara maɓallai ta juye shi wata rana ta ware su launi-launi, sa'an nan ta jera daga ƙarami zuwa babba. Ita ke ɓalla rigarta, ita ke zuba ruwa a buta, in ka taya ta sai kuka.

To ga matsalar. Wata biyar ke nan, ba kaye, ba aikin gida, ba maki. Ɗan maƙwabciyarmu sa'anta ne, yana rera a be se har ƙarshe. Ran Juma'a Hajiya uwar maigidana ta zo, ta ce, "Auta me aka koya muku yau?" Ta ce, "Na zuba gero." Hajiya ta juyo ta kalle ni ta ce gero ai ga shi nan a buhu, a kai mata ita ta tsince shi kyauta. Maigida a babbar kasuwa yake, jika shida yake biya duk wata, kuma kun san yadda kasuwa take. Ya ce in an yi hutun ƙarshen Maris ba mu ga komai a takarda ba za ta koma inda ta fito.

Zuciyata na ce mini yarinyar nan tana koyon wani abu, amma ban san sunan abin ba balle in kare shi gaban Hajiya. Tsorona kuma kar ranar da ta shiga CI, ajin farko na lakwal, ta tarar an bar ta baya, a ce ni na jawo. Me kuka gani?

Tsohon Mushe, Sabon Gari

Wa'alaikumus salam ɗiyata. Na yi shekara 31 da alli a hannuna, kuma fiye da rabinsu a CI da CP, aji na ɗaya da na biyu, na yi su, don haka ina da abin cewa.

Duk Oktoba yara iri biyu ke zo mini daga jardan. Akwai mai haddace a be se da ƙirga, uwarsa na alfahari. In na nuna masa harafi guda a tsakiyar allo ban fara daga farko ba, sai ya tsaya. Waƙa ya koya, kuma waƙar ba laifi ba ce, sai dai ba karatu ba ce. Akwai kuma wanda bai iya rera komai ba, amma ya iya riƙe alli da yatsu uku, ya iya zama ya saurara, in ya fara abu sai ya ga ƙarshensa. Kafin Fabrairu na biyun ya wuce na farkon, sau da yawa na ga haka. Ludayin nan da kike gani, yatsun da ke riƙe shi su ne za su riƙe bik. Zaman minti 25 kuwa, da zan samu rabin ajina da shi da ban yi furfura da wuri ba.

Kada dai ki tsaya kan maganata, ki gwada ta. Ki zube tsakuwa ki ce ta ba ki biyar, ki ga ko tana taɓa kowace sau ɗaya tana ƙirgawa, kuma ko ta tsaya a biyar ɗin. Ki ƙara ɗaya ki ce yanzu nawa ne. Sa'an nan ki ce mata, "Buta da me ta fara? Me kuma ya fara kamar buta?" In ta ce baba, ko bante, ko barkono, to kunnenta ya fara rarrabe sautuka, kuma nan ne ƙofar karatu take. Da Hausa za ki yi mata, kada ki damu da Faransanci tukuna. Tun 1973 aka fara gwada koyar da yara da Hausa a Damagaram, kuma mu da muka ga yaran irin waɗannan azuzuwa mun san ba su jin tsoron buɗe baki a aji. Ga shi a 2025 an rubuta Hausa a matsayin harshen ƙasa a nan Nijar. Yaron da ya gane cewa harafi sauti ne a harshen uwarsa, ɗaukar wannan zuwa wani harshe ba ya yi masa wuya.

Ita kalmar jardan ɗin ma lambu take nufi. Wani Bajamushe, Froebel, shi ya raɗa wa makarantar ƙananan yara suna lambun yara a 1840, don yana ganin su kamar shuka. Mu ne muka mai da lambun ƙaramin CI.

Gargaɗi ɗaya. CI ta gwamnati ba za ta yi kama da ɗakin madam ba. Na taɓa riƙe yara sama da 80 ni kaɗai. Shekarar ƙarshe kafin ta shiga, ki roƙi madam ta riƙa saba musu da zama tare a saurari mutum ɗaya, da 'yan kalmomin Faransanci na aji: zauna, tashi, ɗauko allonka. Kuma ki tambaye ta ko tana rubuta abin da kowane yaro ya yi. In tana da irin wannan kaye, to ta san aikinta.

Baban Yara Biyar, Ali Ɗan Sofo

Hajiya, ni ina bayan maigidanki, ki yi haƙuri. Ina shiga Katsina da Kano saro kaya, kowane lungu sai ka ga allo an rubuta Montessori, ciki kuwa benci ne da bulala kamar ko'ina, kuɗin ne kawai ya fi. Ni kaina an ci kuɗina a nan garin. Na sa ɗana na uku wani wuri da aka ce yara na koyo ta hanyar wasa. Shekara biyu. Ashe talabijin ake kunna musu da 'yan motocin roba, masu kula da su na kan waya. Ya shiga CI bai san ko harafi ɗaya ba, sai da na ɗaukar masa mai koya masa da yamma.

Kuma ni wannan magana ta yaro ya zaɓa ba ta kwanta mini ba. Ɗan shekara huɗu me ya sani? Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. In ya saba abin da ya ga dama shi zai yi, gobe ka aike shi ya ce bai zaɓa ba.

Abu ɗaya na yaba a zancenki, da kika ce ɗakin siminti ne. Tun gobarar Nuwamba 2021 da ta cinye yara sama da 20 a azuzuwan zana a nan Maraɗi, Allah ya jiƙansu ya ba iyayensu haƙuri, ni kafin in tambayi me ake koyarwa sai na duba gini da ƙofa. Gwamnati ta hana ajin zana ga 'yan jardan tun lokacin. Ki duba ƙofar tana buɗewa da sauƙi, kuma ba a girki kusa da su.

Malama Mai Jardan

Alhaji Baban Yara Biyar ya yi gaskiya a abu guda, kuma babba ne: sunan Montessori ba mallakar kowa ba ne, duk wanda ya ga dama zai iya rubuta shi a allonsa. Abin da aka yi wa ɗansa sakaci ne, Allah ya kyauta. Amma abin da 'yar uwata ta gani ta taga daban ne, bari in faɗi dalili.

Maria Montessori likita ce 'yar Italiya, an haife ta a 1870, ta rasu a 1952. A Janairun 1907 ta buɗe ajinta na farko a San Lorenzo, wata unguwar talakawa a birnin Rum, don 'ya'yan leburori da iyayensu ke fita aiki su bar su suna gararamba. Ba don 'ya'yan masu kuɗi aka fara shi ba, ina so a riƙe wannan. Ita ta ba da labarin cewa wata rana mai kula da yaran ta manta ba ta kulle kabad ɗin kayan aiki ba, da ta iso sai ta tarar kowane yaro ya ɗauki abin da yake so. Daga nan aka sauko da kayan ƙasa inda hannunsu zai kai, ita kuma ta zauna tana kallon abin da suke komawa gare shi da abin da suke bari ya yi ƙura.

Zaɓin da Alhaji ke tsoro yana da shinge. Yaro ba ya ɗaukar abin da ba a riga an nuna masa yadda ake yi da shi ba. Kowane abu guda ɗaya ne tak a ajin, in wani na aiki da shi sai ka jira. In ka gama ka mayar da shi inda ka ɗauko, yadda ka same shi. Ba ka taka tabarmar wani, ba ka katse shi. Kuma duk abin da ke kan kantocin malama ce ta ajiye shi da niyya. Wannan ai tanƙwara icce ne, Alhaji, sai dai ba a karya shi. Auta da ta share gero ba a ce mata ba, ba tarbiyya ba ce?

Kayan ma a jere suke, kowane na share wa na gaba hanya. Zuba gero da ɓalla maɓalli da wanke hannu suna gyara yatsu da natsuwa. Akwai hasumiya ta katako guda 10, ƙaramin santimita 1, babban santimita 10, yaro ya ɗora su, in ya yi kuskure idonsa ne zai gaya masa, ba sai an ce masa ya faɗi ba. Haruffa masu kaushi kuwa, yatsa na bin siffar, baki na faɗin sautin, ba sunan harafin ba. Shi ya sa ba za ki ji a be se a bakin Auta ba. Bayan su sai haruffan da aka yanke ɗai-ɗai, yaro ya jera kalma a tabarma tun hannunsa bai iya bik ba. A wannan hanya rubutu kan riga karatu. Haɗa manya da ƙanana ma da gangan ne, kuma ana son a bar su kusan awa 3 da safe ba a katse su ba.

Game da ko yana aiki: a 2006 Angeline Lillard da abokiyar aikinta sun yi bincike a Milwaukee ta Amurka, inda ƙuri'a ce ke ba yaro gurbi a makarantar. Suka gwada waɗanda ƙuri'a ta faɗa kansu da waɗanda ba ta faɗa ba, 'yan shekara 5 na Montessori suka fi a karatu da lissafi da zama da mutane. Yaran ba su da yawa, don haka ba a yanke hukunci da shi kaɗai ba. Wani da aka buga a 2021, a jardan na gwamnati a Faransa cikin unguwar marasa ƙarfi, ya samu sun fi a karatu, amma a sauran fannoni kusan ɗaya suke da sauran yara. Ni abin da na ɗauka: ba sihiri ba ne, amma tsoron a bar ta baya a karatu bai kamata ya hana ki barci ba, muddin malamar ta iya.

Ki nemi izini ki zauna a ajin safiya guda cur. Ki lura da 'yan shekara 5 da 6, su ne shaida. In kin ga suna jera kalmomi suna lissafi da tsakuwa ko 'ya'yan tsamiya, can Auta ta nufa. In su ma gero kaɗai suke zubawa, ki cire ta.

Malamin Allo, Limanci

Malama, abin da kuka zayyana bai yi mini baƙo ba. A makarantar allo kowane yaro da allonsa, ba a ce duk ku wanke rana ɗaya. Wanda ya riƙe ya wanke a ƙara masa, wanda bai riƙe ba ya maimaita, babba ya biya wa ƙarami. Bambancin, mu ba yaro ke zaɓar sura ba. Kuma ko salla, hadisi cewa ya yi a umurci yara da ita suna 'yan shekara bakwai. Kafin nan koyi ne da gani da lallashi. 'Yar shekara huɗu da ke ciwon ciki don tsoron makaranta, ban ga alheri a mayar da ita can ba. Ki dai haɗa mata da allo da yamma, ko na rabin awa ne, wurin wanda ba ya duka.

Mai Ɗinki, unguwar Zariya

Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri. Na yi shiru kwana goma don ina so in dawo da abin da na gani da idona.

Baba Mushe, na yi gwajin da kuka ce. Da maɓallai na yi. Ta ba ni biyar cif, tana taɓa kowane. Na ƙara ɗaya, ta sake ƙirgawa daga farko ta ce shida. A takwas ta fara ruɗewa. Na buta kuma ta ce "baba", ta yi tunani ta ce "biredi", sai ta ce "ɓera". Na ce a'a, ta ce ai kusan ɗaya ne. Na rasa amsar da zan ba ta.

Ran Talata na roƙi Hajiya ta raka ni, na ɗaukar mana adaidaita. Madam ta ba mu kujeru a kusurwa ta ce don Allah kada mu yi wa yara magana. Hajiya ta fi awa ba ta ce komai ba. Wata yarinya 'yar shekara 6 ta jera "tasa" da "rana" da haruffan kwali a tabarmarta, ta zo kan "ƙofa" ta tsaya, ta ɗauki k ta juya shi ta ajiye, don babu mai ƙugiya a akwatin. Wani ɗan ƙarami ya ɓarar da ruwa, wani babba ya nuna masa inda tsumma yake bai goge masa ba. Sa'an nan madam ta ɗauko wani kaye mai bango baƙi, shafin Auta daban, da kwanan wata: ranar da aka nuna mata m da a da s, ranar da ta koma kansu da kanta, sau nawa. Ashe haruffa bakwai ta sani da sautinsu, ni ban sani ba, don a be se nake tambayar ta.

A hanya Hajiya ta ce ita dai abin da ta gani shi ne yaran suna da natsuwa, kuma ba ta ga an ɗaga wa kowa murya ba. Ba ta ce na yi daidai ba. Amma da dare ita ta kira ɗanta, ban san me suka ce ba. Ya ce Auta ta zauna har Yuni, da sharaɗin duk ƙarshen wata in je in ga kayen nan in gaya masa, kuma ta fara allo bayan la'asar. Alhaji, na duba ƙofar, ba ta da wata matsala, kuma madafin yana can ta bayan gidan. Maganarku ta aike ma tana raina, ina lura da ita.

Madam ta ce haruffanta na Faransanci ne aka kawo mata daga Yamai, babu ɓ da ɗ da ƙ. Na ce ni zan yanka mata, almakashi ai sana'ata ce, kuma na riga na ɗinka mata ƙyalle biyu masu maɓalli da zif daga ragowar atamfa. Na saya takardar kafinta a kasuwa amma ta cika kaushi, da Auta ta bi ta da yatsa sai ta janye hannu. Malama, wace lamba kuke amfani da ita, kuma da wane gam kuke manna ta a kwali don kada ta ɗago da zafin nan da ke tafe?